Na ci tambayoyi, bidiyon hango haɗari ya kayar da ni, ina mafita?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Da fatan an wuni lafiya, ya sanyi? Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu samun lasisin tuƙi a nan Birtaniya. Jiya na je jarrabawar tiyori ta mota. A ɓangaren tambayoyi na samu 47 cikin 50, alhali 43 ake nema. Da aka zo ɓangaren bidiyon nan na hango haɗari, inda ake danna linzamin kwamfuta da zarar an ga haɗari a hanya, sai na tashi da 41 cikin 75, su kuma 44 suke so. Maki uku kacal, jama'a! Takardar da aka miƙo mini na karanta ta ya fi sau biyar a tashar bas, ko Allah zai sa lambar ta canza.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wai sai na sake duka biyun. Tambayoyin da na ci sun bi ruwa, ga wani fam 23 ɗin kuma. Ban taɓa tuƙi ba a rayuwata, a nan na fara koyo, darasi shida na yi zuwa yanzu. Wata biyu na yi ina haddar alamomin hanya, bidiyon kuwa gaskiya ban ɗauke shi a bakin komai ba, a ganina duk mai ido zai ga haɗari. Wanda ya san sirrin abin ya taimaka wa 'yar'uwarsa.

Anti Bilki:
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, share hawayenki, ba a kanki aka fara ba. Ni da kike gani sai a karo na uku na haye, kuma duka biyun farko bidiyon nan ne ya kayar da ni. Fam 69 na zuba kafin in ga takardar nasara. Maigidana har suna ya sa mini, wai Hajiya Danna-danna. Ki huta tukuna, dama ba za a bari ki koma ba sai bayan ranakun aiki uku.

Baban Yusra:
Madalla, yau an sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Shekara 22 ina riƙe da sitiyari kafin in zo ƙasar nan, dare da rana, rani da damina, ko fitilar wani ban taɓa fasawa ba. Watan jiya na zauna gaban kwamfutar nan ta ba ni 38. Ni fa! Yusra da ba ta san bambancin birki da totur ba ta ɗauki wayata ta yi na gwaji, tana yi tana cin abinci, ta samu sittin da wani abu. Ku gaya mini, wannan gwajin tuƙi ne ko wasan yara? Ba a auna direba da linzamin kwamfuta. A ba ni mota a ga aiki.

Ɗan Auta:
Baba, Allah ya huci zuciyarka. Anti Maman Hanif, sirrin ɗaya ne: sau uku. Kina ganin abu ki danna, ki ƙirga ɗaya, ki danna, ki ƙirga ɗaya, ki ƙara dannawa. Ko ta farko ta yi wuri, ta biyu ko ta uku za ta faɗa daidai. Haka na yi na samu 63, kuma dare biyu kawai na yi ina gwadawa.

Rabi Manchesta:
Ɗan Auta, a bi shawarar nan a hankali. Irinta na ɗauka na shiga da ita. Wani bidiyo na cikin gari ne, mutane ko ta ina, motoci a fake hagu da dama, ni kuma kowa na gani sai in yi masa uku-uku. Bidiyon na ƙarewa sai ga rubutu a allo wai yadda na amsa bai karɓu ba, sifili nake da shi a wannan. Gwiwata ta yi sanyi. Sauran duk na yi su ina tsoron taɓa linzamin, na dinga makara. Da ƙyar na sha da 45.

Ɗan Auta:
Ai Anti Rabi ke rabon sadaka kika yi, kowa da nasa. Ni wanda na tabbatar da shi kawai nake yi wa uku.

Rabi Manchesta:
To ai nan gizo ke saƙar. Yaya sabon mai koyo zai san wanda zai tabbatar da shi? Wannan ita ce tambayar Maman Hanif tun farko.

Malam Habu:
Salamu alaikum. An yi ta ambaton sunana a waya, wai in leƙo. Yanzu na sauke ɗalibina na ƙarshe. Ga waɗanda ba su san ni ba, koyar da tuƙi ce sana'ata a nan, kuma mu ma sai da muka yi wannan gwajin kafin a ba mu izinin koyarwa, sai dai mu 57 ake nema a wurinmu, ba 44 ba. Don haka na san zafinsa.

Bari in fara da yadda aka gina abin, don yawancin masu faɗuwa ba su san da me ake auna su ba. Bidiyo 14 ne, kowanne wajen minti ɗaya, kana kallon hanya kamar kai ne a kujerar direba. Haɗarin da ake ba wa maki 15 ne, saboda bidiyo ɗaya yana ɗauke da biyu, kuma ba za a gaya maka wanne ne ba. Kowane haɗari yana da ɗan lokacin da aka ware masa. Lokacin yana buɗewa a daidai sa'ad da abin ya fara zama matsala, an kuma yanka shi gida biyar. Ka danna a gidan farko maki 5, na biyu 4, haka har zuwa 1. Ka danna bayan ya rufe, babu komai. Ka danna kafin ya buɗe, nan ma babu komai, amma ba a rage maka ko maki ɗaya ba, kuma in ka sake dannawa bayan ya buɗe za a lissafa maka. Abin da ke jawo sifilin da Rabi ta samu shi ne dannawa ba ƙaƙƙautawa, ko dannawa bisa wani tsari kamar mai kiɗa.

To wane ne haɗarin da ake nufi? Ba duk abin da zai iya zama haɗari ba ne. Wanda zai sa ka yi wani abu ne: ka ɗaga ƙafa daga totur, ka taka birki, ko ka karkata sitiyari. Mota ce a fake gefen titi, shiru, wannan ba komai ba ce tukuna, ido kawai za ka sa mata. Siginarta ta fara walƙiya, tayar gaba ta fara juyowa wajen titi, to yanzu ta zama abin da ake tambayarka.

Maman Hanif da Alhaji Baban Yusra, ku duba takardunku. Akwai inda aka rubuta nawa kuka samu a bidiyo nawa. Ku karanto mana.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri Malam. Na duba. Sifili a bidiyo uku. Mai haɗari biyun na samu 4. Sauran goman kuma daga 3 zuwa 5 ne, su suka ba ni 37.

Baban Yusra:
Ni sifili a biyar. Sauran kusan duk 4 da 5.

Malam Habu:
To kun gani. Hajiya, idonki lafiya lau yake. Wanda bai iya ganin haɗari ba makinsa 1 da 2 yake zama ko'ina. Ke kuwa inda kika samu, kin samu da kyau, inda kika rasa, kin rasa gaba ɗaya. Zato na, kin danna da wuri kin naɗe hannu. Mai biyun kuma mai yiwuwa kin kama na farko, kika ce an gama, na biyu ya wuce ki kina hutawa. Ki riƙe wannan: kowane bidiyo ki ɗauke shi kamar shi ne mai biyun, har sai allo ya tsaya.

Kuma ki yi lissafi. Haɗari 15, in kika samu 3 a kowanne, 45 ke nan, kin haye. Ba 5 kike farauta ba, sifili kike gudu. Da a bidiyon nan uku kin samu ko 1 a kowanne, da yanzu muna yi miki barka.

Alhaji, naka ma ciwon ɗaya ne, sai dai ya fi tsanani saboda ƙwarewa. Tsohon direba tun daga nesa yake karanta hanya.

Baban Yusra:
Malam Habu, tsaya in fahimce ka. Wato laifina shi ne na ga haɗari tun kafin kwamfutar ta gan shi? Ai ka ƙara ƙarfafa maganata ke nan. Akwai bidiyon da na hango yaro a kan keke can gefen titi, na san a raina zai faɗo hanya, na danna. Kuma ya faɗo ɗin. A ce wai ban samu komai ba? Wane irin gwaji ne yake hukunta wanda ya fi shi sani?

Malam Habu:
Alhaji, rabin maganarka na yarda da ita. Gaskiya ne gwajin yana iya kama ƙwararre ta wannan hanyar, na ga direbobin manyan motoci da ya yi wa haka. Amma in tambaye ka. Da a kan titi ne ka hango yaron nan, kallo ɗaya za ka yi masa ka ɗauke kai?

Baban Yusra:
Haba dai. Zan sassauta, ƙafata na kan birki, idona na kansa. Ya motsa in taka.

Malam Habu:
Shi ke nan, ka ba kanka amsa. Abu biyu ka yi a kan titi: ka shirya, sannan ka taka. A gaban kwamfuta ɗaya ka yi ka tsaya. Dannawar farko ita ce ɗora ƙafa a kan birki. Ta biyu, lokacin da tayar keken ta sauko daga gefen titi, ita ce takawa. In abin ya ci gaba da ƙaruwa ka ƙara ta uku. Kun ga a ƙarshe ya yi kama da shawarar Ɗan Auta, amma da bambanci babba. Shi agogo yake bi, ɗaya, biyu, uku. Ni cewa nake a bi abin da ke faruwa a hanya. Duk lokacin da lamarin ya canza, danna. Mai yin haka hannunsa ba ya faɗawa cikin tsarin da na'ura za ta zarge shi, domin hanya ba ta tafiya da kiɗa.

Ɗan Auta:
Malam, amma dai na ci.

Malam Habu:
Ka ci, Allah ya sa albarka. Ranar da ka zo darasi za mu ga ko ƙirga ɗaya-biyu zai tsayar maka da mota.

Injiniya Sani:
Ina bin muhawarar tun ɗazu. Ni ina ganin Alhaji ya raina abin da ake aunawa ne. Tun 2002 aka shigar da wannan ɓangaren cikin jarrabawar tiyori, dalili kuwa sananne ne: sabon direba idonsa a kan hancin motarsa yake, ko a bayan motar da ke gabansa, ba ya baza ido gefe da gefe, ba ya kallon nesa. Hannu da ƙafa suna koyon aikinsu cikin 'yan watanni, ido ne yake daɗewa.

Ku yi lissafin da kanku. Mota mai gudun mil 30 a awa tana cin wajen mita 13 a kowace daƙiƙa. Kundin dokokin hanya, Highway Code, ya ce a wannan gudun mita 23 ake bukata kafin a tsaya cak: mita 9 suna tafiya kafin ƙafa ta kai ga birki, 14 kuma birkin ne ke aikinsa. Tsawon mota shida ke nan. A mil 70 kuwa mita 96 ne. To wanda ya makara da daƙiƙa ɗaya a cikin unguwa ya ƙara wa kansa tsawon mota uku. A kwamfuta maki ɗaya ko biyu ne ya zube. A titi, yaron da Alhaji ya hango yana cikin waɗannan mita 13 ɗin.

Baban Yusra:
Injiniya, lissafinka daidai ne, ban musa ba. Amma Yusra da ta samu sittin, in na ba ta makulli yau za ka shiga motar?

Injiniya Sani:
Ba zan shiga ba, Alhaji, shi ya sa akwai gwaji na biyu a kan titi. Amma in tambaya, bidiyon da ta yi, ba ta taɓa zama kusa da kai tana kallo kana yinsu ba?

Baban Yusra:
Kullum tana maƙale da ni.

Injiniya Sani:
To hadda ta yi. Ta san inda kare zai fito.

Maman Hanif:
Innalillahi. Injiniya, ni ka kama. Manhajar da na sauke bidiyo kaɗan ne a cikinta na kyauta, su na yi ta maimaitawa har na riƙa samun sittin da ɗoriya. Na san farar motar da za ta fito daga kwana tun kafin a nuno kwanar. Shi ya sa na shiga jarrabawa ina taƙama.

Malam Habu:
Wannan tarkon ya ci mutane da yawa. Makin bidiyon da aka taɓa gani ba maki ba ne. A jarrabawa sau ɗaya ake nuna kowanne, ba a komawa baya. Ki nemi inda bidiyo suke da yawa, ki yi kowanne sau ɗaya don maki, sannan ki sake kallonsa don darasi, ki ga daidai inda lokacin ya buɗe da inda jar tutar da ke nuna dannawarki ta faɗa. Sake kallon nan ya fi gwajin kansa amfani. Kuma ki nemi irin na zanen kwamfuta, don tun 2015 aka daina amfani da tsofaffin da aka ɗauka da kyamara. Akwai na ruwan sama, na hazo, na dusar ƙanƙara da na dare, kada su zo miki a baƙi. In da hali ki yi gwajin a kwamfuta da linzami maimakon waya, hannu ya saba.

Ummu Sadiq:
Ni bari in faɗi abin da ya taimake ni, ba manhaja ba ce. Bas mai hawa biyu nake shiga zuwa aiki, minti arba'in. Sai na koma hawa sama ina zama a kujerar gaba, ina yi wa kaina bayani a hankali kamar mai karanta labarai. Ga motar kai saƙo a fake, ƙofar baya a buɗe, mai ita yana kusa. Ga bas a tasha, wani zai ɓullo ta gabanta. Ga tsohuwa da jaka ta juyo da kai tana duban titi. Ga mai keke ya waiga ta kafaɗarsa ta dama, zai fito ya kauce wa motar da ke fake. Sai in zuba ido in ga ko direban bas ɗinmu zai taka birki a inda na ce. Makon farko shi yake riga ni. Mako na uku ni nake riga shi.

Ranar da na san abin ya shiga jikina, muna bin wani layi mai motoci a fake, sai na hango ƙafafu biyu da jan takalmi ta ƙarƙashin wata babbar mota, ba kai ba jiki, ƙafa kawai. Ban san lokacin da na ce "tsaya!" da ƙarfi ba. Yarinya ce 'yar makaranta, ta leƙo ta koma. Wani dattijon Bature da ke gefena ya dube ni ya matsa can.

Anti Bilki:
Ummu Sadiq kin kashe ni da dariya. Ni a motar maigida na gwada wannan bayanin. Kwana biyu ya jure. Na uku ya faka ya ce ko in yi shiru ko in sauka in bi bas.

Malam Habu:
Abin da Ummu Sadiq ta yi shi nake sa ɗalibaina su yi, kuma kyauta ne. Hanya tana yin gargaɗi kafin ta yi duka. Ƙwallo ta gangaro titi, yaro na biye da ita. Motar askirim a tsaye, yara ne ta kowane gefe. Kwandunan shara a jere a bakin gidaje, motar kwashe shara tana gaba da ma'aikatanta a ƙasa. Hayaƙi na fita daga motar da ke fake, ko ka ga kan mutum a kujerar direba, ko dai ta tashi ko ƙofa ta buɗe. Tirela ta buɗa dama alhali siginarta na nuna hagu, ba ruɗewa ta yi ba, wuri take nema ta sha kwana, kada ka cusa kai. A hanyar ƙauye, taɓo sabo a kan kwalta yana nufin tarakta na kusa, kashin doki kuma ba sai na faɗa ba. Kuma kada ido ya tsaya kan motar da ke gabanka, a duba fitilar birkin ta uku ko ta huɗu a layi.

Sai dai a gwajin kada a danna wa alamar da kanta a tsaya. Alama tana gaya maka inda za ka ajiye ido ne.

Baban Yusra:
Tunda ana faɗar gaskiya, bari in faɗi tawa. A shataletale har yanzu idona hagu yake fara zuwa. Shekara 22 ba wasa ba. Akwai bidiyo ɗaya da na tabbata ban ma ga motar ba sai da ta cika allo, daga dama ta fito.

Alhaji Na-Landan:
Yauwa Baban Yusra, yanzu ka yi magana. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mu da muka ga jiya, muna yara a hannun hagu ake tuƙi a Najeriya, sai a 1972 aka koma dama, kuma tsofaffin direbobin lokacin su suka fi shan wahala, ba sababbi ba. Sabo ba shi da abin da zai manta. Ka ƙara da cewa dokar nan ma ta motsa: tun Janairun 2022, in za ka shiga kwana kuma mai tafiya a ƙasa yana jiran tsallake titin da za ka shiga, kai ne za ka dakata masa. Mai keke kuma a ba shi aƙalla mita ɗaya da rabi in za a wuce shi. Mutumin da a da za ka yi wa ham ka wuce, yanzu shi ne dalilin taka birkinka.

Baban Yusra:
Na ji, Yaya. Amma ban janye ba, wasan kwamfuta ne. Sai dai zan koyi wasan.

Hajiya Turai:
Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ƙanwata Turancinta bai yi ƙarfi ba, ana barin mutum ya shiga da tafinta? Kuma ni fam 23 da kuke ta faɗa ya ba ni mamaki, wani shafi da na yi mata rajista ya cire mini kusan ninki biyu.

Malam Habu:
Hajiya, tun 2014 aka daina yarda da tafinta na harsunan waje, da Turanci ko harshen Wales ake yi. Amma za ta iya neman a karanta mata tambayoyin da Turanci ta abin sawa a kunne, yana taimakawa sosai ga wanda ji ya fi masa karatu sauƙi. Shi ɓangaren bidiyon ma ba ruwansa da Turanci, ido ne. Batun kuɗi kuwa, 'yan tsakiya kika faɗa wa. Hukumar DVSA ce ke shirya jarrabawar a Ingila, Scotland da Wales, kuma a shafin gwamnati na gov.uk ake yin rajista kai tsaye, fam 23.

Shugaban Zaure:
Jama'a a lura da wannan, ba yau aka fara kawo mana kukan shafukan nan ba. Maman Hanif, kin samu abin da kike nema ko da saura?

Maman Hanif:
Na samu har da ƙari, Allah ya biya kowa. Tambaya ɗaya ta rage. Dole sai na kai kibiyar linzamin kan abin kafin in danna? Jiya na ɓata lokaci ina bin motoci da ita.

Malam Habu:
Subhanallah, ashe da wannan ma. A'a Hajiya, ba a nuna wuri, lokaci kawai ake aunawa. Ki ajiye linzamin wuri ɗaya, yatsa a kai, ido a kan hanya. Jar tuta za ta fito a ƙasan allo ta nuna an karɓa, kada ki tsaya kallonta. Sannan hutun minti uku da ake bayarwa tsakanin tambayoyi da bidiyo, ki karɓe shi duka. Idon da ya yi kusan awa yana karatu yana bukatar ya huta. In kina sa tabarau kada ki baro shi, lasisin koyonki kuma shi ne farkon abin da za ki sa a jaka, in babu shi ba za a bar ki ki zauna ba, kuɗin kuma ya tafi.

Maman Hanif:
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan mako uku. Alhamdu lillahi, yau na haye: 46 a tambayoyi, 58 a bidiyo. Sifili ɗaya na samu, kuma na san wanne ne, wata motar asibiti ce da na tsaya kallon mai keke har ta iso. Mai haɗari biyun ya zo mini kusan ƙarshe, na kama tunkiya a farko, na ƙi sakin jiki, sai ga tarakta ta leƙo daga wata gona. Ummu Sadiq, kujerar gaban bas ɗin nan ta zama tawa, har direban ya gane ni.

Anti Bilki:
Ayyururui! Barka ƙanwata. Karo biyu kacal, kin fi yayarki.

Malam Habu:
Barka Hajiya. Kada ki ajiye takardar ki yi barci, shekara biyu take aiki, in ba ki ci gwajin titi a cikinsu ba sai kin sake tiyori daga farko. Layin jiran gwajin titi yana da tsawo, ki zauna da mai koya miki ku tsayar da lokaci tun yanzu. Fam 62 ne a ranakun aiki, 75 da yamma ko ƙarshen mako.

Baban Yusra:
Barka Maman Hanif. Ni ma shekaranjiya na koma, 51. Ban ce komai ba ne don kada Malam Habu ya ji daɗi. To ga wata sabuwa: ƙarshen watan nan nake cika wata 12 da zama a ƙasar, an ce lasisina na gida ya daina aiki daga ranar. Gwajin titina kuma sai nan da wata huɗu. Yaya ke nan?

Malam Habu:
Na ji daɗin kuwa, Alhaji. Abin da aka gaya maka haka yake. Daga ranar ka koma mai koyo: lasisin koyo, inshorar da ta san kai mai koyo ne, jan harafin L a jikin mota, kuma ba za ka fita kai kaɗai ba. Sai da wani a gefenka wanda ya haura shekara 21, yake da cikakken lasisin da aka yarda da shi na aƙalla shekara uku.

Anti Bilki:
Ai Maman Yusra ta riga shi zuwa, shekararta huɗu da lasisin nan. An samu mai sa ido a cikin gida.

Baban Yusra:
Matar da ni na koya wa riƙe sitiyari. Allah mai iko. Malam, L ɗin nan, a baya kawai ya isa? Maƙwabta suna kallo.

Malam Habu:
Gaba da baya, Alhaji.